Tef Ɗin Baba

Auta ba ta taɓa nufin mayar da mahaifinta abin kallo ba, wannan kam ko maƙiyinta zai yi mata shaida. Ita dai tela ce mai ɗan shago a gaban gidansu: keke ɗaya, teburin yanka ɗaya, sai wata tsohuwar waya da take jingina wa gwangwanin maɓallai tana ɗaukar bidiyo tana ɗorawa a intanet. Yau ta nuna yadda ake yanka hannun riga, gobe yadda ake fitar da tabon mai daga yadi, jibi ta zauna tana ba da labarin matar da ta ƙara ƙiba ta dawo tana rantsuwa tela ce ta matse mata riga. Masu kallo kuwa, kada ma ka tambaya. In ka cire ƙawayenta da matar yayanta, sauran ba za su cika benci ba.

Mai gyaran waya da ke shagon kusa da nata shi ne malaminta a harkar, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Mutum ne da ko bidiyon kyanwa bai taɓa ɗorawa ba, amma in ya fara bayani sai ka rantse shi ya ƙera intanet ɗin da hannunsa.

"Matsalarki, Auta, kin cika tsalle-tsalle," in ji shi. "Yau ɗinki, gobe wanki, jibi surutu. Mutane ba su san me za su zo nema wurinki ba. Ki duba abin da ya kama, ki riƙe shi gam, kada ki waiwaya, kada kuma ki yi fashi."

Abin da ya kama ɗin kuwa da ƙafarsa ya shigo shagon. Baba tsohon tela ne, shi ya koya mata taka keke tun ƙafarta ba ta kai ba. Ido ya yi rauni ya bar mata shagon, amma tef ɗin awo bai taɓa barin wuyansa ba, har barci da shi yake yi. Wata safiya tana cikin nuna yadda ake kafa wuyan riga, sai ga shi ya shigo bayanta. Ya zare tef ya nufi butar shayi da ke kan tebur, ya auna wuyanta, ya auna tsawonta, ya zagaya cikinta, sannan ya girgiza kai.

"Wannan baiwar Allah akwai tumbi," ya ce. "A ƙara mata inci biyu, kada ta ce mun cuce ta."

Auta ta yi dariya har da hawaye. Baba ai dama sarkin tsokana ne, a gidan ba wanda ya tsira daga bakinsa. Ta bar wurin a cikin bidiyon, ta ɗora.

Kafin gari ya waye wayarta ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Mutanen da ba ta taɓa jin sunan garinsu ba suna ta rubutu a ƙasan bidiyon, har sun raɗa masa suna, wai Baba Mai Awo. Mai gyaran waya ya leƙo yana washe baki kamar shi ya haifi tsohon.

"Me na gaya miki? Ya kama! To yanzu sai ki manta da wani hannun riga."

Ta manta ɗin kuwa. Kullum da safe sai ta ajiye wani abu a kan tebur ta saita waya: fanka, matashin kai, tayar babur, har tsintsiya. Baba ya shigo, ya auna, ya yanke hukunci, duniya ta kwashe da dariya. Masu kawo ɗinki suka yi yawa har ta rasa inda za ta rataye kaya, kowacce ta zo sai ta ce ina Baba, a yi hoto. Auta ta ji daɗi, gaskiya ta ji daɗi, wa zai ƙi?

Ranar da abin ya fara yi mata ɗaci, ta saita waya amma ba ta ajiye komai a kan tebur ba, ita ya auna. Ya ɗora tef a kafaɗarta, ya sauko hannu, ya ɗauki alli zai rubuta a jikin tebur kamar yadda yake yi wa masu kawo ɗinki a da.

"'Yan mata, wane suna zan sa?"

Ta ƙyalƙyale da dariya tana jiran ya kashe mata ido yadda ya saba in ya yi tsokana. Bai kashe ba. Yana tsaye da alli a hannu yana jiran amsa, cikin ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙuwa. Ta daɗe tana kallon bidiyon nan ita kaɗai, tana gaya wa kanta wasa ne, ai Baba ne. Ga shi lokacin ɗorawa ya yi, ga shi an ce kada a yi fashi. Ta danna. Wallahi duk cikin bidiyoyinta ba wanda ya yi tafiya irin wannan.

Ba a daɗe ba aka tsinto Baba a bakin titi yana auna ƙofar wani gida yana tambaya ko nan ne nasu. Da aka kai shi asibiti, likita ya yi bayani a hankali: ciwon mantuwa ne, ya daɗe da farawa, kuma gaba zai yi ta yi. Yaya, babban wanta, direban babbar mota ne da ba ya zama gari, amma ranar ya zauna. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Auta, duk tashar da na tsaya sai na tarar ana kallon ubana ana riƙe ciki. Ni ma na yi dariyar, ban sani ba. Ke da kike tare da shi kullum, ke ma ba ki sani ba?"

Amsar tana da ita, ba ta faɗuwa ne kawai.

Ta koma hannun riga da wuyan riga. Ba mai kallo. 'Yan kaɗan da suka leƙo abu ɗaya suke rubutawa: ina Baba? Mu Baba muka zo gani. Wata har cewa ta yi, ke wa ya tambaye ki ɗinki? Rannan ta zauna ta goge bidiyoyin Baba kaf, ta ji kamar ta sauke dutse. Ba a kwana biyu ba ta gan su a shafukan wasu, an yanka, an sa kiɗa, an liƙa muryar masu shewa. Ta ruga wurin mai gyaran waya ta ajiye masa wayar a gabansa.

"Don Allah ka cire su. Kai ka san kan abin nan."

Karo na farko malamin ya rasa karatu. Ya juya wayar, ya sosa ƙeya. "Naki kika goge, Auta. Waɗannan suna wayoyin mutane. Ko ni da na gyara rabin wayoyin unguwar nan, ina zan bi su?"

Haka ta ci gaba da zama da abin, ba ta iya gyarawa, ba ta iya mantawa. Baba ya rame, magana ta ragu, wani lokaci ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu, wani lokaci ya gaishe ta kawai ya wuce.

Ranar komawa asibiti suna zaune a benci suna jiran layi. Wata mata a gefen Baba tana kallon waya tana danne dariya, ba ta ko lura da wanda ke kusa da ita ba. Auta ta ji muryar tun kafin ta ga hoton: "'Yan mata, wane suna zan sa?" Sai shewa ta biyo baya. Ta yunƙura za ta janye shi, amma Baba ya riga ya karkata yana kallo. Ya kalla har ƙarshe, bidiyon ya sake farawa, ya sake kallo. Sannan ya juyo ya dafa hannunta.

"Auta."

Rabon da ya kira ta da wannan suna har ta fid da rai. Idonsa tar, Babanta ne sak ya dawo, har ta buɗe baki za ta yi hamdala.

"Auta, dubi wannan bawan Allah. Tela ne fa, kin ga yadda ya riƙe tef? Ba shi da lafiya, suna ta yi masa dariya." Ya gyara tef ɗin da ke wuyansa, ransa a ɓace. "Shi ba shi da 'ya'ya ne?"

Da ƙyar ta ce, "Yana da su, Baba."

Ya daɗe yana girgiza kai.

"To Allah ya shirye su," ya ce. Ya ƙara riƙe hannunta. "Ke kam Allah ya yi miki albarka."

Aka kira layinsu. Ta tashi ta kama shi suka shiga.