Kukan da Aka Ajiye Sai Kaka

Mu goma sha ɗaya ne muke shimfiɗa tabarmin roba a lambun bakin kogi kowace safiya a Tianjin, duk mata, duk mun ajiye aiki. Malama Qiu ce ke koya mana motsa jiki irin na yoga, ta cuɗa ta da ilimin mahaifinta mai maganin gargajiya. A wurinta kowane lokaci na shekara da gaɓarsa a jikin mutum: bazara ta hanta ce da fushi, rani na zuciya, kaka ta huhu da baƙin ciki, hunturu na ƙoda. Duk wadda ta saɓa tsari sai ta naɗe tabarmarta.

Mijin Yaya Lanfen, ɗaya daga cikinmu, ya rasu a farkon bazara, itatuwa na toho. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ba ɗa ba jika, mu kaɗai muka rage mata. Bayan kwana bakwai ta dawo wurinta na sahun gaba, inda rana ke fara sauka. Muna cikin murɗa ƙugu don buɗe hanta sai kuka ya ƙwace mata.

Malama ta tsayar da mu. "Lanfen, wane lokaci muke ciki?"

"Ki yi haƙuri, Malama. A bencin can yake zama ya riƙe mini jaka."

"Ban tambaye ki jaka ba. Kuka na huhu ne, huhu kuma na kaka. In ya motsa a bazara sai ya danne hanta, taki da tamu duka. Ki ajiye shi sai kaka, ko ki kai abinki gida."

A gida kuwa babu kowa sai hotonsa a bango. Lanfen ta share ido da hannun riga ta ce, "Na ji, Malama."

Wata biyar tana haɗiyewa. Ina bayanta, ina ganin yadda kafaɗunta ke rawa sannan su tsaya cik. Ta rame har wandonta sai da igiya. Ban ce uffan ba, kuma ba zan ɓoye dalili ba: gwiwoyina na son rana, na daɗe ina kwaɗayin wurin nan nata.

Ranar shigar kaka muka zo da kankana kamar yadda aka saba. Bayan mun gama buɗe ƙirji, Malama ta tafa hannu.

"To, Lanfen, lokacinki ya yi. Shigo tsakiya, ga fili ga huhu."

Ta shiga ta zauna, mu goma muka kewaye ta, kowa da yankan kankana a hannu. Ta dubi bencin. Ta ja numfashi, ta matse ido, ta buɗe baki. Ko ɗigo. Ta sake gwadawa har jijiyar wuyanta ta tashi, abin da ya fito kawai wani ɗan tari ne busasshe.

"Au, wannan ne abin da muke ta jira?" in ji Guiying, mai bakin tsiyar cikinmu. "Yaya, ko a yanko miki albasa?"

Ni na fara dariya, ba Guiying ba. Sauran suka ɗauka.

"Ashe dai tsohon bai kai a yi masa kuka ba," wata ta ce daga baya.

"Yana nan," in ji Lanfen, tana dukan ƙirjinta. "Malama, yana nan, ya ƙi fitowa ne. Ki ba ni zuwa gobe."

"Huhun da ya ƙi aikinsa a lokacinsa ya bushe," in ji Malama. "Ba ni da abin koya wa busasshe."

Lanfen ta naɗe tabarmarta a hankali, ta rataya jakarta da kanta, ta bar kankanarta ko cizo babu. Washegari na shimfiɗa tawa a wurinta, rana ta dinga gasa mini gwiwa, na ji daɗi ƙwarai.

Da hunturu ya yi nisa mijina ya fara rama. Jiya likita ya ja ni gefe ya ce da wuya ya ga ƙarshen wata. Yau da safe muna murɗa ƙugu na lura itacen da ke kaina ya fara toho, bazara ta shigo.

"Yuhua, me ya sami idonki?" in ji Malama.

"Iska ce, Malama," na ce, na haɗiye.