Tayi na Uku

Kujera ɗaya ce ta rage a motar, kuma Nuala ba ta taɓa shakkar tata ce ba. Ƙanenta Fintan, wanda ya shekara ashirin da biyu a Kanada, zai zo hutu gida a watan Yuli da matarsa Marlene da 'yan matansu biyu. Sun kama hayar mota mai cin mutum biyar. Mako guda za su yi suna bin bakin teku daga Donegal, su gangaro Sligo, su ƙarke a Inishturk, ɗan tsibirin da aka haifi mahaifiyarsu. Nuala ce ta riƙe Fintan bayan rasuwar uwar, ita ta yi ta jansa zuwa makaranta yana turjiya, ita ta haɗa masa akwati ranar da zai tafi. In ba ita ba, wa?

Marlene ce mai tsara tafiyar. 'Yar Kanada ce, mutuniyar kirki, amma komai nata a rubuce yake. Ranar Lahadi, Nuala ta dawo daga coci ke nan, sai ga wayar Marlene, wai suna so ta bi su.

"Haba, ina ni ina yawo?" in ji Nuala, zuciyarta fari tas. "Ku je ku huta abinku, kada in zame muku kaya. Ga kaji, ga gwiwar nan tawa."

Ta gyara zama tana jiran a sake. A yankinsu na Mayo ko shayi aka yi maka tayi ba ka karɓa da fari. Ka ce a'a, a sake, ka ce kada a wahala, a sake na uku, sannan ka ce to, tunda an matsa. Mai amsawa tun karon farko, sai a ce a gidansu ba a ƙoshi.

Marlene ta ce ayya, ta gane, Allah ya sawwaƙe ciwon gwiwa, bari su tuntuɓi Bernie. Ta yi sallama ta kashe waya.

Bernie ƙanwar Nuala ce, tana bi mata, ta girmi Fintan da shekara biyu. Ta shekara talatin tana aikin jinya a Ingila, ta dawo da gashi rinanne da rashin ta-ido. Kafin Marlene ta rufe baki Bernie ta ce eh.

Daga ranar Nuala ta daina jin daɗin komai. Kishi take ji, irin na yarinta, tana kunyarsa amma ya ƙi sakinta. In ta shiga kanti sai ta tarar Bernie ta riga ta, tana ba mai kanti labarin otal ɗin da za su sauka a Donegal. In ta je coci, ga Bernie a layin gaba cikin sabuwar rigar ruwa rawaya, alhali ko yayyafi ba a yi. Matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa aika wa Fintan wasiƙa ba!

Nuala ta gwada Fintan ɗin kansa a waya. Ta ce masa gwiwa ta yi sauƙi sosai, ya ce madalla. Ta ce maƙwabcinta Padraic ya ce ko yaushe zai iya duba mata kaji, ya ce ai Padraic mutumin kirki ne tun suna yara. Kanada ta toshe masa kunne. Da can, tari kawai za ta yi ya gane abin da take nufi. Da ta fito fili ta ce tana son zuwa kuwa, gara a ce ta yi tsirara a bakin coci.

Saura kwana goma su iso, ta gasa burodi ta kai wa Bernie, wai don ta yi ya yi yawa. Ta tarar da taswira shimfiɗe a teburin kicin, an zagaye garuruwa da jan biro. Bernie ta ɗora buta a wuta, ta ce gara da ta zo, dama tana son tambayarta inda gidan su Mama yake a tsibirin, don yaran Fintan za su so gani, ita kuwa ba ta taɓa zuwa ba.

Nuala ta ji abin har cikin ranta. Sau huɗu ta je Inishturk da mahaifiyarsu, lokacin da ake barin Bernie gida wai ta yi ƙanƙanta da shiga jirgin ruwa. Duk da haka ta faɗa mata: in an sauka a haura tudu, a wuce makaranta, kango na biyu a hannun hagu, mai rijiya a baya. Bernie ta rubuta a gefen taswira.

Ta ajiye biron, ta dubi yayarta.

"Nuala, ke ya kamata ki je. Karɓi kujerar."

"Rufa mini asiri, ke aka gayyata."

"Ke aka fara gayyata. Ke kika san wurin, ke kika raine shi. Ki je kawai, ni ba komai."

"A'a, kin riga kin sayi riga, kin gaya wa duk garin."

Biyu ke nan. Nuala ta riga ta shirya amsarta, har da ajiyar zuciyar da za ta fara yi. Ta ma tuna inda ta ajiye ƙaramar jakarta ta tafiya.

Bernie ta tashi ta sauke buta. Ta zuba shayi a kofuna biyu, ta yanka burodin, ta shafa man shanu a hankali har gefe-gefe. Ta ce ya yi laushi, ko an canza gari ne? Ba ta ɗago kai ba. Nan Nuala ta gane ba mantuwa ba ce. Gida ɗaya suka tashi, uwa ɗaya ta koya musu, Ingila ba ta goge wa Bernie komai ba. Sarai ta san inda ta tsaya.

"Sau huɗu kika je," Bernie ta ce da murya ƙasa-ƙasa. "Ni a bakin gaɓa ake barina wurin Inna Peig, ina kallon jirgin."

Nuala ta kurɓi shayin da zafinsa.

Can Bernie ta ce af, ga wata alfarma, ko Nuala za ta riƙe mata karenta na makon? Nuala ta ce ita ba ta iya da kare ba. Bernie ta ce ai ba shi da fitina, abinci ne kawai safe da yamma. Nuala ta ce zai kore mata kaji.

"Don Allah, Nuala," in ji Bernie, tana kallonta ido cikin ido. "Ba ni da wanda zan bar wa sai ke."

Na uku ke nan, kuma a Mayo ba a ƙin na uku.

"To," in ji Nuala, "tunda kin matsa."