Rabon Turmin Inna

Motar Sallau ragowar yaƙi ce. Wani tsohon soja ya sayar masa da ita a Gumel, tana ja da ƙafa huɗu, amma sifirin ɗinta duk sun kwanta, cikinta ya zube ƙasa kamar na akuya mai tsohon ciki. A cikin gari ba ta da laifi. Da kaka kuwa, in motocin gyaɗa masu zuwa Gagarawa Tasha sun haƙe hanya sun bar tudun yashi a tsakiya, sai ta hau tudun ta zauna, tayoyi suna ta juyi a banza.

A irin wannan lokaci ne saƙo ya zo daga wani ƙauye bayan Sule Tankarkar cewa Goggo Hassana tana kwance, jikin ya yi nauyi. Ita da Goggo Husainatu, wadda ke zaune a gidan Sallau, tagwaye ne, ƙannen mahaifinsa. Rabonsu da magana tun rasuwar uwarsu, kuma abin da ya haɗa su turmi ne. Kowa ya san tagwaye ba a ba ɗaya a hana ɗaya. Tun suna yara in an yanka wa wannan zane sai an yanka wa waccan irinsa. To turmin Inna guda ɗaya ne, na kirya, Husainatu ta riga ta ɗauke. Tsofaffi biyu masu jikoki suka yi ta gaba a kan itace. Ni dai ban taɓa ganin taurin kai irin nasu ba.

Goggo Husainatu ta ji saƙon, ta ɗaure ƙunshin kayanta, ta sa aka mirgino turmin ƙofar gida.

"Sallau, ka kai ni. Da turmin za mu, in mayar mata da abinta kafin ƙasa ta rufe idon ɗayanmu."

Ƙafafunta sun daina hawa jaki, sai dai mota. Suka fita, ba su yi nisa da gari ba motar ta zauna a kan yashi. Da shanu aka jawo su gida.

Sallau ya kira Rabe maƙeri. Rabe ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya ce abin mai sauƙi ne. A ɗaga ta da jak, a kwance sifirin daga ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, a cusa guntun katako a tsakani a kowace ƙafa, shi kuma ya ƙera dogayen kusoshi ya ɗaure. Kaurin tafin hannu ya isa ta tsallake tudun.

"Sai fa itacen ya zama busasshe ƙarau," in ji shi. "Ɗanye zai motse a hanya, kusoshi su saki, ka ga taya ta wuce ka."

Aka duba gari. Masassaƙa suna da kirya, amma saran bana ce. Idon Rabe kuwa ya ƙi barin gindin turmin da ke jingine a zaure. Goggo Husainatu ta kama shi yana kallo.

"Ɗan nan, faɗi abin da ke bakinka."

"Goggo, gindin nan zai ba da huɗu cif."

Ta dubi turmin. In ta hana, turmi na nan amma ba za ta je ba. In ta bayar, za ta je hannu rabbana, wurin matar da ke jiran turmi tun tana da haƙora. Ta shige ɗaki, daga can ta ce a sare, amma kada a yi a inda za ta ji ƙarar gatari.

Washegari motar ta miƙe tsaye, har sai da aka sa wa Goggo kujera kafin ta hau. Sallau ya bi yashin nan, tudun yana wucewa ta ƙarƙashinsu bai taɓa su ba.

Sun sami Hassana da rai, a kan tabarma a inuwar ɗarbejiya, ta rame sai idanu. Ba ta amsa sallama da kyau ba ta dubi hannun 'yar'uwarta.

"Usaina, ina turmin?"

Sallau ne ya durƙusa ya yi bayani, yana in'ina. Hassana ta ce a kai ta ta gani. Aka ɗauke ta da tabarmar aka ajiye a gefen mota. Ta miƙa hannu bayan taya ta shafa katakon, yatsunta suka tsaya a kan wata tsohuwar ƙuna da ita ta yi da bakin wuta suna 'yan mata, har Inna ta zane su duka biyun.

"Guda nawa aka yi?"

"Huɗu, Goggo."

"To yau dai ya rabu. Ciro mini biyu nawa."

Sallau ya zaro ido. "Goggo, in na cire biyu motar nan ba za ta koma Gumel ba. Da me zan mayar da Goggo Husainatu?"

"Na sani," in ji Hassana. Ba shi take kallo ba.

Husainatu ta share ido da bakin mayafi. Ta lallaba ta buɗe ƙofar mota da kanta, ta sauko da ƙunshin kayanta, ta tambayi matan gidan wane ɗaki ne na Hassana. Sallau ya tsaya yana kallon su, sannan ya je ya ɗauko jak.