Gidan da Ake Raba Komai Biyu

'Ya'yana Almakashi suke ce mini a bayan idona, kuma sunan bai taɓa yi mini zafi ba. Tun da motar da mijina yake tuƙawa ta koma fita sau biyu a sati, na kafa doka: duk abin da ya shigo gidan nan sai an raba shi biyu. Sabulu a yanka, rabi banɗaki, rabi a ajiye a kwaba. Soson wanke-wanke ma haka. Man goge baki in ya ƙare, a tsaga bututun a kankare cikinsa. Mu bakwai ne a ɗaki uku, ni kuma wuni nake a kan keken ɗinki, ina na ga lokacin lallashi?

Mahaifina ne na bakwai. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya dawo wurina da akwatinsa da hawan jininsa. Kujerarsa tana bakin taga, ba ya yawan magana, amma babu abin da ke wuce idonsa. Ƙwaya ɗaya yake sha kullum da safe, kuma in ta kusa ƙarewa shi yake faɗa mini.

Wata rana na kama babbar 'yata ta jefar da guntun sabulu. Na buɗe murya na ce, "Wanda ba ya kawo komai gidan nan, ya koyi rage abin da yake cinyewa!" Da yarinya nake, wallahi da yarinya nake. Baba dai ya gyara zama, ya mai da fuskarsa taga.

A satin nan rezar da nake farke ɗinki da ita ta ɓata. Na sa yara a gaba, kowa ya rantse. Daga baya na riƙa ganin farin gari a dakalin tagar Baba, na ɗauka fenti ne yake zuba, na share. Ya fara cewa ƙeyarsa tana yi masa nauyi, na ce rashin barci ne. Ran nan kofi ya suɓuce daga hannunsa, sai na tsaya jimamin kofin. An ce ruwa ba ya tsami banza, amma ni ɗinkin mutane ya sha mini kai.

Mai kemis ne ya tare ni a hanyar kasuwa, na fito sayen zare.

"Uwar ɗinki, ko kin yi sabon kemis ne? Rabon da ki karɓi maganin Baba an kusa wata uku."

"Haba dai! Bai ce ya ƙare ba."

"Na wata ɗaya na ba ki fa." Dariyar ta bar fuskarsa. "Wannan ba maganin wasa ba ne. Je ki duba shi yanzu."

Ban sayi zaren ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, na juya gida da sauri.

Gidan shiru, yara suna makaranta. Baba yana kan kujerarsa, murfin gwangwani a cinyarsa, rezata a gefe. A cikin murfin ga ƙwayoyin nan a jere, an yanka su biyu, wasu ma huɗu, tsaf kamar aikina.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya ɗago yana murmushi, amma gefe ɗaya na bakinsa ne kawai ya motsa. Hannunsa na dama yana kwance a kan cinya, kamar ba nasa ba.

"Uwata," ya ce, harshensa yana harɗewa, "kin ga yadda ya yi auki? Har yanzu da saura."

Na durƙusa na riƙe hannun, sanyi ƙalau. Na ƙwala wa maƙwabciya kira ta nemo mota.

Baba ya turo mini murfin da ɗaya hannun, a hankali, don kada ko ɗaya ta faɗi.

"Ajiye a kwaba," ya ce. "Ni ma yanzu ba na cinye muku da yawa."