Kujerar Bayan Mai Aski

Ranar da mai aski ya sayi babur, tun kafin ya zuba masa mai ya ari sifana a wurin bakanike ya kwance matakan baya, wato ƙarafan nan biyu da wanda aka goya yake ɗora ƙafa. Ya jefa su cikin kwalin tsofaffin almakasai a ƙarƙashin teburin shagonsa. Ya ce wai don babur ya rage nauyi ne. Ƙarya yake yi. Rowa ce tsagwaronta, ba ya son kowa ya ce masa rage mini hanya.

Dabarar kuwa ta ci. Duk wanda ya ɗaga masa hannu, sai ya tsaya da fara'a, ya nuna gefen babur ya ce, "Da na so, amma duba, ba wurin ƙafa." Kafin wata ya ƙare unguwa ta raɗa masa suna Ba-Wuri, shi kuma ya amsa.

Haka ya ci shekara guda. Duk ranar da shago yake rufe, da sassafe zai sa hular kwano ya kama hanya, sai yamma a gan shi. Ya haye doguwar gadar da iska ke kaɗa mutum a kanta. Ruwan sama ya taɓa dukansa har kayan jikinsa suka yi nauyin bargo. Ya yi faci a inda babu mai faci, ya tura babur har tafin hannunsa ya yi kanta. Wani kare ya bi shi tun daga farkon wani ƙauye har ƙarshensa, bai san laifin da ya yi masa ba. A gefe guda ya zama rabin bakanike: shi ke juye baƙin mai da kansa, shi ke ɗaure sarƙa in ta saki, yana goge fulogi da tsohon buroshin haƙori. Babur na sheƙi, kai ka ce ba ya taka ƙasa.

Duk wannan labari a kan masu zuwa aski yake ƙarewa. Mutum ba ya gudu da rabin kai a aske, mai aski kuwa ya san haka. Sai ya kai tsakiyar kai sannan ya kashe inji ya fara: akwai wani tafki a bayan duwatsu, ruwansa kwance kamar madubin nan, in hantsi ya fito fararen tsuntsaye su tashi gaba ɗaya har inuwarsu ta rufe ka.

"Da kai da wa kuka gani?" in ji wani direba da ke kan kujera.

"Ni kaɗai."

"To, ƙarasa mini askin."

Ya nuna hotuna a waya. A kowane hoto babur ne a gaba, ya tare tafkin.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, zuwansa na ƙarshe, da tsuntsayen suka tashi, sai da ya waiwaya ya ce, "Kin gani?" Babu kowa a bayansa sai kujera. Tun daga ranar abu ɗaya ya tsaya masa a rai: matarsa ta ga tafkin nan da idonta, tana zaune a bayansa.

Ya same ta tana ninke kayan wanki a ɗaki.

"Maman yara, da za ki raka ni wani wuri ranar hutu."

"A ƙafa?"

"A babur mana."

"Wane babur? Wanda ba shi da wurin ƙafa? Ko rataye ƙafafun zan yi a wuyanka?"

"Zan mayar da matakan."

"Au, ashe suna nan." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ni ka ce mini haka aka ƙero shi."

Ya shiga gyara zaman hularsa.

"Ni na yafe nawa," in ji ta. "Na saba da motar haya. Amma Baba fa? Tsoho da ciwon gwiwa, da sandarsa, rana tsaka a bakin titi, ka tsaya ka gaishe shi har da durƙuso, ka nuna masa gefen babur, ka wuce. Ba zan hau kujerar da aka hana mahaifina ba. Jibi zai koma asibiti a duba gwiwar. Ka kai shi, ka jira shi, ka dawo da shi. Bayan nan ma yi magana."

Washegari ya zazzage kwalin almakasai ya ciro matakan, sun yi tsatsa. Ramin notin dama zanzaro ya yi gida a ciki, sai da ya sa tsinke ya tono ƙasar. Na hagu ya ƙi karɓar noti sam, dole ya tura babur wurin bakanike.

"Ba-Wuri, lafiya? Sayar da shi za ka yi?"

"Goyo zan yi."

Bakanike ya ajiye abin da ke hannunsa ya kira maƙwabcinsa mai faci ya zo ya ji da kunnensa. Sai da suka gama dariyarsu sannan aka ɗiga mai a ramin, aka ɗaure noti, aka ƙara wa tayar baya iska.

Ranar asibiti Baba ya fito da doguwar riga da sanda. Ya zagaya babur, ya taɓa matakin da bakin sandarsa.

"Sun tsiro ke nan?"

"Sun tsiro, Baba."

"Madalla. Damina ta yi kyau."

Mai aski ya shekara yana tuƙi, amma bai taɓa tuƙa mutum biyu ba. Da ya saki kuloci sai babur ya yi tsalle ya mutu. Ya sake tayarwa, suka tafi suna tangaɗi kamar an ɗora buhu a karkace. In ya kwanta dama a kwana, Baba ya kwanta hagu don ya daidaita. Sandar kuwa tana gicciye a tsakaninsu, tana neman madubin kowace mota. Gumi ya jiƙa masa hular kwano. Ya riƙa tafiya a hankali, yana jiran faɗa.

Can sai ya ji an zungure shi a haƙarƙari.

"Kai, yaro, iyakar gudunsa ke nan?"

"Saboda gwiwarka ne, Baba."

"Da gwiwa nake gudun? Murɗa."

Ya murɗa. Iska ta cika rigar tsoho ta kumbura. Mai aski ya leƙa madubi, ya ga surukinsa baki buɗe, yana dariyar da rabon da a gan ta tun da tsohon ya rasa matarsa.

A layin asibiti, don a kashe lokaci, ya ɗan taɓo labarin tafki. Ya saba a katse shi, amma Baba ya matso. Tsuntsayen wane iri ne? Akwai kifi? Hanyar da kwalta ko babu? Ba a taɓa yi masa tambaya ta biyu a kan tafkin nan ba, sai bakinsa ya buɗe, ya zuba har aka kira sunan tsoho bai ji ba.

Da ya sauke shi a ƙofar gida, Baba ya ce, "Ranar hutun naka, ƙarfe nawa za mu tashi?"

"Mu, Baba?"

"Da ni da kai. Ko akwai wani?"

Mutum ba ya ce wa surukinsa a'a sau biyu a shekara ɗaya. Da ya kai ƙara gida, matarsa ta yi dariya har ta dafa bango.

"Ai ka samu abokin tafiya. Me kuma kake nema?"

"Ke nake nema."

"Kujera ɗaya ce, Baban yara, kuma ta yi mai ita."

Suka je tafki da Baba. Mako na gaba suka je doguwar gada, don Baba yana son ya ji iskar. Na gaba kuma suka je ƙauyen kare, don ya ga karen. Tsoho ya aika aka sayo masa hular kwano, ja, ta fi kansa girma. Ya koyi kwanciya a kwana. Ya daina ɗauko sanda, wai tana hana gudu. Ya fara zuwa shago yana zama a benci, in mai aski ya ɗauko labari ya karɓe daga bakinsa ya ƙarasa, kuma shi ana yarda da shi. Direban nan ma sai da ya tambayi hanya.

Mai aski ya samu shaida, ya samu mai saurare, har sunan Ba-Wuri ya fara sakinsa. Abin da ya nema ne kawai bai samu ba. Hakan kuwa ya yi daidai. Wanda ya shekara yana hana kujera bai kamata ya zaɓi mai zama a kanta cikin mako ɗaya ba.

Abin da bai lura da shi ba, Baba ba a shago kaɗai yake ba da labari ba. Duk yamma sai ya biya gidan 'yarsa ya zauna a tsakar gida.

"Ke dai ba ki gani ba. Ruwa shiru, ko motsi babu. Sai tsuntsayen nan su tashi, ki ji fukafukansu a ƙirjinki."

"Na ji, Baba. Jiya ma ka faɗa."

"Ji daban, gani daban. Amma ke ba za ki iya hanyar ba, akwai gargada. Ki yi zamanki."

Da farko dariya take yi. Daga baya ta koma cewa "to". Daga baya kuma in ya fara sai ta tashi ta shiga wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Ranar hutu ta zagayo. Mai aski ya fito da babur, ya duba mai, ya taɓa sarƙa, ya latsa taya da babban yatsa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Baba ya iso da jar hularsa, ya ɗora ƙafa a mataki ya haye ya gyara zama. Sai ƙofa ta buɗe. Matar mai aski ta fito da takalmi sau-ciki, ta ɗaure mayafi tamau a ƙugu, da gorar ruwa a hannu.

"Baba, ina kwana. Sauko."

"In sauko in je ina?"

"Ka shiga ciki, jikokinka na jiranka. Kujerar mijina ce, yau ni zan hau."

"Ke da ba ki son gargada?"

"Kai ka ce ba na so. Ni ban ce ba."

Baba ya dubi mai aski. Mai aski ya sunkuya yana goge madubin da babu ko ɗigon ƙura a kansa. Tsoho ya sauko yana ƙunƙuni, ya cire hular ya kifa wa 'yarsa, ya ja igiyar ya ɗaure mata a haɓa.

"In ya kwanta, ki kwanta tare da shi. Kada ƙafarki ta taɓa salansa. In kuma ya fara yi miki tafiyar tsofaffi, ga haƙarƙarinsa nan."

Ta hau, ta laluba matakan da ƙafa, ta riƙe rigarsa ta baya da hannu biyu. Mai aski ya tayar da babur, ya saki kuloci a hankali yadda bai taɓa yi ba.

"Mako mai zuwa nawa ne," in ji Baba daga bakin ƙofa.

"Ma gani," in ji ta. Ta matso kusa da kunnen mijinta. "Mu tafi kafin ya sake shawara."