Nauyin da Tela Ya Ara

"Wa ke ba shi abinci a gida?"

Nas ce ta fito daga ɗakin gashi na asibitin, riƙe da marufin robar da aka yi daidai fuskar Tela, wanda ake danne masa kai da shi kada ya motsa in na'ura tana gasa ciwon dajin maƙogwaronsa. Iya Mai Wanki ta miƙe daga benci. Katanga ɗaya ta raba gidanta da nasa, ita ke rako shi tun da ciwon gwiwa ya kwantar da matarsa.

"Matarsa mana. Lafiya?"

"Marufin ya yi masa yawa, Iya. Kansa yawo yake a ciki. Mutumin nan ya rame."

"Ke yarinya, ba ke kike ɗora shi a sikeli ba? Ba da bakinki kika ce nauyinsa yana nan ba?"

Aka kai shi gaban likita. Wuyan Tela ya yi baƙi kamar gindin tukunya, leɓɓansa duk sun tsage. Yana ƙoƙarin hawa gadon gwaji, wani abu ya faɗo daga wandonsa, ƙwal. Ƙaton almakashinsa ne. Likita ya shafa ƙugunsa, ya tsaya cak. Ashe aljihuna ya ɗinka ta ciki, layi-layi, ya cusa musu guntayen ƙarfen tsohon keken ɗinki.

Iya ta kasa rufe baki.

"Tela, mene ne wannan?"

Da kyar muryar ta fito. "A bencin can na ji... wai in ka rame, tsayar da gashin suke. Saura kaɗan in gama, Iya."

"Abincin da baiwar Allah take ja da gwiwa tana dafa maka fa?"

"Ko ruwa, kamar garwashi nake haɗiya. Kajinki nake zuba wa ta kan katanga."

Ita da take ta yabon kajin nan, wai sun yi ƙiba babu dalili.

Likita ya dafe kai. "Baba, da ka faɗa, bututun abinci za mu sa maka mu ci gaba. Ba mai tsayar da komai."

Aka kwantar da shi, aka sa bututun, amma jiki ya riga ya ƙi. Bai ga ƙarshen makon ba.

Ana tashi daga zaman makoki Iya ta koma asibitin, ko gida ba ta shiga ba.

"Ina babbanku? Kullum yana gabanku, idonku biyu, amma sikeli kuka yarda da shi. Mutum bai yi karatu ba, an gasa masa wuya, ba wanda ya zaunar da shi ya ce ga abin da zai biyo baya. Sai benci ne zai koya masa? Ba inda za ni sai an ba ni amsa."

"Yana taro, Iya. Zauna ki jira," in ji nas ɗin.

Ta zauna tana huci. Kusa da ita wani dattijo ne mai baƙin wuya, yana jiƙa leɓe da tsumma. Aka kira shi awon nauyi. Ya miƙe a hankali, hannu ɗaya tallafe da aljihun wandonsa da ya rinjaya gefe guda.

Iya ta miƙa hannu ta riƙe bakin rigarsa.