Maƙwaƙƙwafi a Turken Waya

Tun ranar da anka kafa turken wayar Nasara a gonarmu ta Dundaye hankalina bai kwanta ba. Dogari ya yi shela a kasuwa cewa duk wanda anka samu ɓarna ga turken da ke gonarsa, shi za a kama. Mu da munka ji kisan da Nasara sunka yi wa mutanen Satiru, wa zai tsaya tambayar kamun na mi ne?

Wata safiya na kai wa maigidana fura gona, sai na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga sama. Maƙwaƙƙwafi ne, ɗan tsuntsu mai jan ƙeya, ya maƙale a turken yana sara kamar an biya shi lada. Inna lillahi! Saura kaɗan ƙwaryar ta suɓuce mini. Na wawuri hoge na jefe shi, ya tashi, ya kewayo ta bayan turken ya ci gaba.

"Hajjo, bar wahalar da kanki," in ji maigida. "Ina za shi? Kurmin bakin fadama da suke kwana an sare shi kaf, wani an ƙona a bariki, wani an yi turaku. Shi busasshen icce yake so, mai tsutsa. Duk yankin nan ba sauran busasshe a tsaye sai wanga."

"To a kashe shi mana, Malam! Ko sai ya kai ka kurkuku?"

Ina! Mutumin nan tausayinsa ya fi ƙarfinsa. Wai gida za a sake wa tsuntsu. Ya yi tattaki har nesa, ya jawo kututturen mataccen gawo, zai kafa masa kusa da turken. Yana tsugune da gatari yana fiƙe gindinsa sai ga mai duba waya da dogarai biyu bisa dawaki.

Ku duba abin da sunka tarar: rami a jikin turke, ɓarɓashin icce a ƙasa, ga mutum da gatari a hannu.

"Kai ne Audi mai gonar nan?" in ji mai duba wayar.

Maigida ya aje gatarin ya miƙe. Ni na yi ta kururuwa, tsuntsu ne, wallahi tsuntsu ne, ku dakata ku gani! Sunka ɗan dakata. Wane tsuntsu zai sauka ga dawaki suna haniniya? Sunka ɗaure maigida da igiya. Babban dogarin, mai suna Malami, ya san mahaifina, shi ya rage murya ya ce mini:

"Ɗiyata, Baturen waya zai biyo layi da kansa, ban san ranar ba. In ya ga tsuntsun da idonsa, mijinki ya tsira. In kuwa turken ya faɗi kafin nan, sai haƙuri."

Ko ƙurarsu ba ta kwanta ba sai ga ɗan banzan ya dawo. Bai ko dubi gawon ba, turken ya nufa. Na sunkuya na ɗauki dutse, sai kuma na sake shi. In na kashe shi, wa zai shaidi mijina? Tun da anka sare kurmin ba wanda ya ga wani irinsa.

Yanzu kullum ina gindin turken. Ni da na ce a kashe shi, ni ke korar yara masu majajjawa, ni ke daka wa shirwa tsawa. Ramin kuwa sai faɗi yake yi. In iska ta taso sai turken ya yi ta ƙara. Tsoro nake ji, wallahi.

Jiya bai zo ba har azahar, na zauna ina ta kuka, na ce shi ke nan, wani ya harbe shi. Can sai na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, na yi hamdala, ɓarɓashi na zubo mini a ka. Da na ɗaga hannu zan yi addu'a sai na rasa abin da zan roƙa, ya zo gobe ko kada ya zo.